Majanyin Takwara

Kun daɗe kuna yi da ni a bayan idona, ku 'ya'yana, kuna cewa wai tsohuwarku ba ta son a ambaci Cibiyar Mata ta jami'a a gabanta, saboda an ɗauki ƙawarta an bar ta. Har na ji Hauwa, autata, tana gaya wa mijinta cewa ni irin matan da ce masu ganin karatun mace ɓata lokaci ne. Hauwa, wa ya kai ki makarantar da ƙafarsa in ba ni ba? To ku natsu ku ji yadda abin yake. Ba wanda ya bar ni. Kishi na yi, har yau ina yi, kuma ban ga wanda zan nemi gafararsa a kai ba. Sai dai ba kishin karatu ba ne, kishin goyo ne.

Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama ce. Muna zaune a Birnin Gwari, gidanmu na ƙarshe kafin a shiga hanyar Randagi, inda in ka leƙa bayan danga daji kawai kake gani. Babanku yana aikin gandun daji, yana yini wajen masu yankan katako. Ni kuwa na yi shekaru a ɗakinsa ban taɓa ko ɓari ba. Bai taɓa yi mini gori ba, Allah ya jiƙansa, amma kakarku Hajo, wadda nake kira Inna, ba ta iya ganin akuya da ciki ba tare da ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi a inda zan ji ba. Ba muguwa ba ce, tsohuwa ce mai ɗa ɗaya, kuma ta gaji da jira.

A dajin nan na sami Ladi. Bagwariya ce daga wata unguwa da ke gaba da mu kaɗan, mijinta Bulus shi ke kaɗa ƙararrawar cocinsu. Mun haɗu wajen tsintar kaɗanya, na cika ƙwaryata na kasa ɗagawa, ta aza mini a ka, ta ɗora tata a kafaɗa yadda matansu suke yi, tana yi mini dariya wai wata rana wuyana zai shige cikin ƙirjina. Ba a yi wata biyu ba na aika mata da goro da turare na ce ina son ta da ƙawance, ta amsa da tukunyar zuma. A lokacinmu ƙawance ba wasa ba ne, ba irin naku na gaisuwa a hanya ba. In an yi mata rasuwa ni ce a bakin murhu, in ina da biki ita ce mai raba tuwo. Da Salla tana cin namu, da Kirsimati ana yanka mini kaza daban, babanku ne ma yake zuwa ya yanka. Da ta haifi mace ta sa mata sunana, Saratu, shi ya sa kowa yake kiranta Takwara, wadda kuka sani.

Ina da wani majanyi, saƙi ne baƙi mai ratsin ja, da na saya tun ina amarya don ɗan da zan haifa. Ya gaji da zama a adudu. Da Takwara ta yi ƙwari na ciro shi, kuma tun daga ranar, in mun shiga daji, Ladi ta shayar da ita ta miƙo mini. A bayana ta yi wayo. A bayana take in ina dafa kalwa, a bayana take in ina tuƙa man kaɗe, har majanyin ya kama warin hayaƙi da daddawa, wanki ba ya fitar da shi. Wata rana muna hutawa a gindin ɗorawa Ladi ta dube mu ta ce,

"Saratu, yarinyar nan in ta isa yaye ke zan kawo wa. In ta saba da ɗakinki, ni ba zan zo da rigima ba."

Sai na sunkuya kamar ina gyara ɗaurin zane. Da na gaya wa Inna ta tashi tsaye, abin da ba ta cika yi da sauri ba.

"Alhamdu lillahi! Ki riƙe ta da kyau, 'yar nan. Ɗakin da aka yaye yaro a cikinsa ba ya zama shiru, wani yakan biyo baya. Na ga haka ba sau ɗaya ba."

Daga nan na fara shiri. Na yaɓe ɗakina, na sayi ɗan ƙoƙo da ludayi ƙarami, na yi magana da wata Bafulatana da ke kawo mana nono cewa in lokaci ya yi kullum ta fara biyowa ta gidanmu. Ina lissafin watanni a zuciyata, saura kaɗan.

Da farkon damina sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin kasuwa, da mata biyu a ciki ban da direba. Babbarsu ana ce mata Malama Asabe, doguwa, mai tabarau, ba ta da girman kai ko kaɗan. Ta bi mu har daji da takalminta mai kyau, ta zauna a kan gungume tana tambayarmu yadda muke yin man kaɗe. Ta ce jami'ar da ke Zariya ta buɗe wata cibiya don mata, ana koyar da karatu da rubutu, da kula da lafiyar yara, da ɗinki, da noman lambu, kuma ba sai wadda ta yi makaranta ba. Matar aure, bazawara, Musulma, Kirista, duk ɗaya. Ana son mata biyu daga ƙasarmu, za a tafi bayan kaka, a yi shekara. Ta dube ni ta dubi Ladi ta ce ga su nan ma ta samu, tunda ta ga ba ma rabuwa.

Ku ji da kyau a nan, domin nan ne kuke kuskure. Ni aka fara tambaya. Babanku ma ya ce in ina so in tafi, zai iya da Inna. Ni ce na ce a'a. Lissafina ya riga ya gama: Ladi ta tafi, dole ta yaye Takwara kafin tafiyar, ko da kwanakinta ba su gama cika ba, ta bar mini ita shekara guda cur. Bayan shekara kuwa, wace yarinya ce za ta yarda ta bar ɗakina? Don haka na ce wa Malama Asabe ni ina da aiki a gida. Ladi kuma ta noƙe, ta ce ba za ta iya barin 'yarta ba, ba ta taɓa wuce Funtuwa ba, kuma Hausarta za a yi mata dariya. Ni na zauna a kanta. Na je har gidansu na sami Bulus yana gyaran fartanya, na yi masa wa'azin amfanin ilimin mace, wa'azin da Hauwa ba ta san na iya ba. Na ce gonarta ta gyaɗa ni zan duba, 'yarta kuma ai ta san bayana fiye da na uwarta. Ban bar su ba sai da suka amsa. Gurbin da na ƙi aka bai wa wata mata daga Kuyello.

Bayan an gama girbin dawa motar ta dawo don a sanar da ranar tafiya. Muna tsakar gidan Ladi, Takwara tana bayana, ba ta daɗe da tashi daga gudawa ba, ta ɗan rame. Malama Asabe ta shafa kanta ta tambaya ko har yanzu tana shan nono. Ladi ta ce eh, amma cikin makon nan za a cire ta, tunda za a tafi.

"A cire ta? Don me? Wa ya ce miki sai kin yaye ta? Ai ba ma raba uwa da ɗanta. Muna da ɗakin yara, akwai mai kula da su, in kin fito aji ki shayar da ita. Dalilin buɗe wurin ke nan, kada goyo ya hana mace zuwa. Yarinyar da ta tashi daga ciwo ma ba a yi mata yayen gaggawa. Ki taho da abarki."

Ba maganar Malama ce ta soke ni ba, fuskar Ladi ce. Na ga ta washe gaba ɗaya, kamar wadda aka sauke wa dakon itace. Ashe duk makonnin nan da nake yaɓen ɗaki ita kuka take yi a ɓoye. Ta juyo tana murna za ta rungume ni, sai ta ga idona, hannunta ya tsaya a sama. Na kwance majanyin, na sauke yarinyar, na ce ina da tukunya a wuta.

Inna ta ce a kai maganar gaban manya. Ta ce alkawarin ƙawa ba a tashinsa don wata mai tabarau ta zo da mota, kuma dattawan unguwarsu Ladi da kansu za su ba ni gaskiya. Haka ne kuwa, da sun ba ni. Babanku kuwa sai da ya gama cin tuwo, sannan ya ce,

"Saratu, in kin karɓe ta da shari'a, 'ya kika samu ko kuwa ƙawa kika rasa?"

Na ji haushinsa sosai, don na fi son ya yi faɗa a madadina. Washegari Ladi ta zo, ta durƙusa a ƙofar ɗakina, abin da ƙawa ba ta yi wa ƙawa.

"In kin ce in bar ta, zan bar ta. Bakina ne ya faɗa, ban manta ba."

Na so in ce ta bar ta. Wallahi kalmar tana kan harshena. Amma na riga na ga waccan fuskar, kuma ni ba mai karɓar sadakar 'ya ba ce. Na ce ta tafi da abarta, ai ni dama wahala za ta rage mini. Ranar tafiya ban je bakin kasuwa ba. Sai da na ji motar ta tashi na fito da gudu, na tare ta a kan hanya, na cusa majanyin ta taga ba tare da na dubi kowa ba.

Ranin nan ban ji daɗinsa ba, kuma ban bar kowa ya ji daɗina ba. Gonar gyaɗar Ladi na duba ta kamar yadda na ce, ina roro ina tsaki. Bafulatanar nan ta riƙa biyowa kullum da ƙwaryarta har sai da na daka mata tsawa, baiwar Allah ba ta san laifinta ba. Daji ma ya canja mini. Da mu biyu muke shiga muna hira da ƙarfi don birai su ji su watse, yanzu ni kaɗai, bayana sakayau, iska tana shiga inda ba ta saba shiga ba. Labari kuma ba ya yankewa, don direbobin motar katako suna bi ta Zariya, Bulus yana zuwa ya ba mu. Ladi ta iya rubuta sunanta. Ladi ta hau keken ɗinki. Wannan duk bai dame ni ba, in ta ga dama ta tuƙa jirgin sama. Abin da ya hana ni sukuni suna ɗaya ne da yake dawowa a kowane saƙo, Iya Kande. Iya Kande ce mai ɗakin yara. Iya Kande ta ce Takwara ta yi ƙiba. Iya Kande ta koya mata tafi. Ran nan Bulus ya shigo yana fara'a ya ce an yaye Takwara lafiya, ko kuka ba ta yi ba, a wajen Iya Kande ta kwana.

Na shiga ɗaki na ɗauki ɗan ƙoƙon nan na jefa shi bayan danga. Na ƙi jinin matar da ban taɓa gani ba. Na zana ta a raina, 'yar gayu mai jan baki, mai 'ya'ya cike da gida, wadda aka ƙara wa tawa a kan nata don abin duniya ba ya zuwa sai inda yake. Inna tana jin ina surfe da ƙarfin da ya wuce na surfe sai ta ce, "A hankali, turmin ba shi ya yaye ta ba."

Da ɗorawa ta nuna, Ladi ta aiko cewa yanzu yarinya ta bar nono, ta warware, in ina so in zo in ɗauke ta, alkawari yana nan. Ban jira an maimaita ba. Babanku ya sa ni a gaban wata motar katako, na ɗaure daddawa da man kaɗe a ƙunshi, na sa zanena mafi kyau, don ba zan tsaya gaban Iya Kande a wulaƙance ba.

Wurin ba yadda na zata yake ba. Wasu dogayen ɗakuna ne a gefen jami'ar, da bishiyoyin mangwaro da igiyar shanya cike da kayan yara. Na ga mata iri-iri a madafa ɗaya, wata da lulluɓi, wata da gicciye a wuya, suna faɗa a kan wadda ta ƙone miya. Na ga wata gurguwa tana shiga aji da sandunanta, an fasa matakalar ƙofar an yi mata gangare. Har 'yan matan jami'a masu manyan littattafai na gani suna ajiye jariransu a ɗaki ɗaya da na matan ƙauye kafin su wuce. Na so in sami abin kushewa ban samu ba, wannan ma ya ƙara mini haushi. Ladi ta fito da gudu ta rungume ni tana kuka, ta yi fari ta yi kyau, ta ja ni zuwa ɗakin yaran.

Wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma, ƙanƙanuwa, ba haƙora a gaba, zanenta duk kunu. Yara sun kewaye ta, wani yana jan ɗankwalinta. A bayanta kuwa Takwara ce take barci, ɗaure da majanyina. Ban ko gaishe ta ba tukuna ta ƙura wa ƙunshin hannuna ido, ta shaƙi iska, ta ce,

"Ke ce mai majanyin."

Na ce ni ce.

"To sannu da zuwa, kin wahalar da ni, 'yar nan. Yaran da suka bi ta bayan nan nawa ba su ƙirguwa, kowanne da zanena yake barci. Wannan kuwa in ba da tsumman nan naki mai warin daddawa ba, sai ta tashi unguwa da ihu. Na taɓa wanke shi, ranar ba wanda ya huta. Na ce wace ce wannan da tana can cikin daji amma ta fi ni iko a ɗakina? Ba na ɓoye miki, haushinki nake ji."

Ban san lokacin da na zauna ba. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga ka har ƙafa, daɗin mugunta, kuma ban tuba da shi ba. Daga baya Ladi ta raɗa mini cewa Iya Kande ba ta taɓa haihuwa ba, kuma duk ƙarshen shekara in an kwashe yaran sai ta yi kwanaki ba ta cin abinci. Na ji tausayinta, amma tausayi bai kashe kishin ba, zama suka yi tare.

Takwara ta farka. Iya Kande ta sauke ta, ta juyo da ita wajena ta ce ga mai sunanki. Yarinyar ta dube ni kallon baƙuwa. Na miƙa hannu, ta maƙale a wuyan tsohuwar. Na yi mata wasan da muke yi a gindin ɗorawa, ta ɓoye fuska. Ladi ta ce ba komai, a ɗaura mini ita kawai, za ta yi kuka a hanya ta gaji ta yi shiru. Aka ɗaura mini ita. Nauyin nan da na yi rani ina mafarkinsa ya dawo bayana, ya ƙaru ma. Tana jin majanyin ta ɗan lafa, na kama hanyar ƙofa. Muna kaiwa bakin mangwaro ta gane ana tafiya da ita, ta sandare, ta fasa wata irin ƙara tana kiran Iya, tana dukan kafaɗata da ɗan hannunta. Na waiga. Tsohuwar ba ta biyo mu ba, tana tsaye a ƙofa ta juya mana baya tana ninke wani zane da ta riga ta ninke.

Na tsaya a wurin na daɗe. An cire yarinyar nan daga nono watan jiya, yau kuma ni zan cire ta daga uwarta da tsohuwar nan a rana ɗaya, in kai ta ɗakin da ta manta. Yaye biyu ke nan a shekara guda, kuma na biyun don ni za a yi shi, ba don ita ba. Na koma. Na kwance ta na miƙa wa Iya Kande. Ta karɓe ta, sannan ta miƙo mini majanyin, ta ce ai nawa ne. Na ce ta riƙe. Kada ku ce kirki ne ya sa, ko kusa. So nake kullum in za ta kwantar da yarinyar nan sai ta nemi taimakona.

Na dawo Birnin Gwari a motar katako, bayana ba kowa. Inna ta leƙa bayana tun daga zaure, ta koma ɗaki. Takwara ba ta taɓa zama a ɗakina ba, don da suka dawo Ladi ta zama mai koyar da matan unguwanni, tana yawo da 'yarta har Gayam, ni kuma ban sake tambaya ba. Yayanku Sani bai zo ba sai bayan wasu shekaru, lokacin Inna ta riga ta rasu, ba ta ga ɗakin ya daina shiru ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma shi nake tunawa in kun ambaci Cibiyar nan kuna yabo. Ku yabe ta, ta cancanta, ni ma da hannuna na kai ku mata ukun nan. Amma wurin da ya ce kada a raba uwa da ɗanta, ni ya raba da tawa, kuma ba wanda ya yi laifin da zan kama.

Ladi ta riga ni tafiya, ni na yi mata zaman makoki a bakin murhu kamar yadda aka ƙulla. Takwara kuwa kun gan ta, da jikokinta, ba ta fasa zuwa gaishe ni duk Salla. Sai dai ba ta da hankali, har yau in hira ta yi daɗi sai ta ce, "Ai ni Iya Kande ce ta yaye ni, Allah ya jiƙanta." In ce amin, don tsohuwar ta cancanci amin. Sannan in jira ta gama shan furarta, in ce mata, ita ta yaye ki, amma je ki tambaya da majanyin wa kika yi barci.